Fitilar Goshi Mai Caji: Abin Da Mai Saye Da Mai Sari Za Su Duba

MUBI — A yankin Duvu da ke ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu a jihar Adamawa, kamar sauran ƙauyukan da ke kusa da iyakar Kamaru, fitilar goshi mai caji ta shiga sahun kayan aikin yau da kullum. Manomi mai ban-ruwa da dare yana bukatarta, haka makiyayi mai kewaya garke, da mahauci, da mai gyaran babur, da matasan da ke fita gudu kafin asuba domin guje wa zafin rana. Mafarauta da 'yan banga kuwa, waɗanda suka taimaka wa sojoji wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a watan Nuwamba na 2014, sun daɗe da sanin amfanin fitilar da ke barin hannu biyu a sake.

Kusan dukkan waɗannan fitilu daga ƙasar Sin ake shigo da su, su bi ta manyan kasuwannin Legas, Anacha da Kano kafin su iso Mubi. Saboda haka farashinsu yana bin dala sau da ƙafa. A watan Mayu na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Idan kuɗin kaya ya tashi haka, abin da yakan biyo baya shi ne a rage inganci a bar kwalin yadda yake, kuma a wannan haja wurin da ragin ya fi ɓuya shi ne batir.

Lambar da ta fi jan idon mai saye ita ce ta lumen, wato ma'aunin yawan hasken da fitila ke fitarwa. Ana ganin kwalaye masu alkawarin lumen 10,000 ko fiye, tare da cewa fitilar za ta kwana tana ci. Lissafi mai sauƙi ya isa ya warware wannan magana. Yawancin fitilun goshi suna aiki ne da batir ɗin lithium mai lamba 18650, wanda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Mai kyau a cikinsu yana ɗaukar mAh 3,000 a kan bolt 3.7, wato ƙarfin da zai ba da wat 11 na tsawon sa'a guda. Ƙwan LED kuma, a aikace, yana ba da kimanin lumen 100 a kan kowane wat. Ke nan fitila mai batir ɗaya da ke ba da lumen 1,000 na gaskiya za ta mutu cikin kusan sa'a ɗaya. Idan aka sauke ta zuwa lumen 200 za ta kai sa'a biyar, a lumen 100 kuma ta haura goma. Duk kwalin da ya haɗa dubban lumen da tsawon dare a kan batir guda, ɗaya daga cikin lambobin biyu ƙarya ce, sau da yawa ma duka biyun.

Shi kansa batir ɗin ana yi masa irin wannan ado. Manyan kamfanonin da ke ƙera shi, irin su Panasonic, Samsung da LG, sun tsaya ne a wajen mAh 3,500, amma a kasuwa akwai masu rubutun 8,800 ko 9,900. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce nauyi: na gaske yana kai wa gram 45 ko sama da haka kaɗan, na jabu kuwa shafal yake a hannu. Ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ya ishi ɗan sari ya gwada kwali guda kafin ya biya kuɗin katan.

Akwai kuma tambayar sa'o'in da aka rubuta. Ma'aunin ANSI FL1, wanda masana'antun fitila suka fito da shi a Amurka a 2009, yana ƙirga lokacin fitila har sai haskenta ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ma'ana, ko kamfanin da bai yi ƙarya ba, sa'o'i takwas da ya rubuta sun haɗa da lokacin da fitilar ta dushe.

Bukata ta bambanta, kuma a nan ne mai kanti zai iya yi wa abokin cinikinsa hidima. Mai shago ko mai aiki a gida lumen 50 zuwa 100 sun wadace shi. Mai gudu a kan turba mai duwatsu yana son 200 zuwa 300, da haske mai faɗi wanda zai nuna masa rami da maciji a gefen ƙafa, sannan fitilar ta kasance marar nauyi, ƙasa da gram 100 idan zai yiwu, don kada ta riƙa tsalle a goshi. Idan batir ɗin babba ne, gara wadda aka maida shi ƙeya. Mai gadi da mafarauci su ne ke bukatar haske mai tsini da ke cin nisa. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a lokacin hunturu farin haske mai ƙarfi yana bugun ƙurar hazo ya dawo wa ido, tun da fitilar tana dab da shi. Rage ƙarfin ko zaɓen mai haske ɗan ja-ja ya fi taimako.

Da damina kuma sai batun ruwa. Alamar IPX4 tana nufin fitilar za ta jure yayyafi da fantsamar ruwa, IPX7 kuma za ta jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Kalmar "mai hana ruwa" wadda babu lamba a bayanta ba ta ɗaure kowa da komai ba.

Ta fuskar tattalin kuɗi, farashin saye rabin labari ne. Batir ɗin lithium mai kyau yana jure caji sau 300 zuwa 500 kafin ƙarfinsa ya ragu sosai. Wanda ke caji sau ɗaya a kwana biyu zai kusan shekara biyu da shi. Idan fitilar ana buɗe ta a sauya batir, to kuɗin batir kaɗai zai sake kashewa. Idan kuwa a liƙe yake a ciki, ranar da ya mutu fitilar ta mutu. A wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, ko babu ita sam, kuɗin da ake biyan masu cajin waya shi ma yana cikin lissafi, kuma fitilar da ke caji da wayar USB daga ƙaramar sola ko batir ɗin ajiya ta fi wadda sai an soka ta a bango. Tsofaffin samfura masu batir ɗin dalma suna da araha, amma suna da nauyi, kuma barin su babu caji na makonni yana kashe su.

Ga masu sari, hatsarin yana cikin ajiya. Zafi yana cin batir ɗin lithium ko ba a kunna shi ba, kuma shago mai rufin kwano a watannin Maris da Afrilu a Mubi ba wurin da kaya za su daɗe ba ne. Ya fi kyau a ajiye su da kimanin rabin caji, nesa da rana, a kuma fara fitar da waɗanda suka riga shigowa. Batir ɗin da ya kumbura ba a sayar da shi, ba a kuma caja shi, domin yana iya kama wuta.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana da tsarin SONCAP na tantance irin waɗannan kaya kafin a shigo da su, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 kuma ta ba mai saye damar maida kaya masu aibi. Sai dai a kasuwar ƙauye abin da ya fi aiki shi ne yarjejeniya tsakanin mai kanti da mai saye: a cika fitilar da caji, a kunna ta a matsakaicin haske bayan sallar isha'i, a duba ƙarfe nawa ta mutu, in ba ta kai abin da aka faɗa ba a dawo da ita washegari.