Gargaɗi ga Jama'ar Darmanawa: Muryar da Kuka Ji a Waya Ba Lallai ta Mai Ita Ba Ce

Jama'ar Darmanawa, Gyadi-Gyadi, Tarauni da kewaye, iyaye maza da iyaye mata, malamai da matasa, a saurara. Yanzu akwai na'urar da ke ɗaukar muryar mutum, ta sa masa maganar da bai taɓa furtawa ba, har leɓensa ya riƙa motsi daidai da ita. Ana kiranta ƙirƙirarriyar basira, kuma abin da ake haɗawa da ita ya riga ya shigo wayoyinmu ta TikTok, Facebook da zaurukan WhatsApp. Daga yau, duk bidiyo ko saƙon murya da ya ce ku tura kuɗi, ku sha wani magani, ko ku fito kan titi, ku dakata tukuna, ko da muryar malaminku ce.

Mu Kanawa mun fi kowa shiga haɗari a nan, domin kunnenmu ya saba. Tun zamanin sinimomin Kwarori muke kallon fim ɗin Indiya. Da su Algaita suka fara fassara, sai ga Shah Rukh Khan yana zuba Hausa har da karin magana, muka yi dariya muka karɓa, don kowa ya san wasa ne, akwai wani yaro a ɗakin ɗaukar murya da ke magana a madadinsa. Daga baya na Turkiyya da na Koriya suka biyo. Ba laifi ba ne, matasa da yawa a Zoo Road da wannan suke ci. To amma wanda ke sa wa gwamna ko shehin malami maganar ƙarya ba zai ce muku fassara ce ba, kuma ba a Zoo Road yake ba balle a je a same shi. Yana iya zama a Legas, ko Wagadugu, ko wata ƙasar da ba mu taɓa jin sunanta ba. Hukumar Tace Finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, tana iya dakatar da fim ɗin da aka shirya a cikin gari, amma hannunta bai kai can ba.

Kada wani ya ce abin waya a waya yake ƙarewa. A watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, saƙo ɗaya ya zaga Najeriya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri kuma a sha. An sha, an kwantar da mutane a asibiti, an ba da rahoton mutuwar aƙalla mutum 2. Wancan rubutu ne kawai, babu fuska babu murya.

Na kusa ya fi ciwo. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, wayoyin yaranmu suka cika da hotunan masu ɗaga tutar Rasha a Yamai. Da zanga-zangar tsadar rayuwa ta tashi ranar 1 ga Agustan 2024, sai ga tutar a titunan Kano, a hannun yaran da da yawansu ba za su iya nuna Rasha a taswira ba. Yunwar da ta fito da su gaskiya ce, ba mai musu. Tutar kuwa aro ce. An kama telolin da aka zarga da ɗinka ta, an kwashi yara zuwa Abuja, suka yi wata uku a tsare, kuma duk mun ga yadda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a gaban Babbar Kotun Tarayya ranar 1 ga Nuwamba, kafin Shugaba Tinubu ya ba da umarnin sakinsu.  A 2025 kuma aka yi ta yaɗa waƙoƙin yabon Ibrahim Traoré na Burkina Faso da muryar manyan mawaƙan Amurka, alhali na'ura ce ta rera.

Ana iya gane wasu. Ku kalli baki, ku saurari karin harshe: na'ura kan ɗaga inda Bahaushe ke saukewa, ta tauna ƙ da ɗ, ta yi dogon zance ba numfashi. Sai dai kullum ƙara ƙwarewa take yi, don haka kada ku dogara da kunne kaɗai. Idan an ce malam ne ya faɗa, malam yana da masallaci da almajirai, a je a tambaya. Idan maganar lafiya ce, ga Asibitin Malam Aminu Kano a bakin Titin Zariya, mu da ke maƙwabtaka da shi ba mu da uzurin shan magani daga bakin waya. Idan babban labari ne, ku jira ku ji ko Freedom Radio, Rediyon Kano ko BBC Hausa sun kawo shi. Labarin da ya girgiza gari amma babu gidan rediyon da ya taɓa shi har la'asar, ku ajiye shi.

Masu tura finafinai a waya da 'yan kasuwar Farm Centre, ku ne ƙofar da kaya ke bi su shiga gidaje. Abin da ba ku san asalinsa ba kada ku zuba wa yaro a memori. Masu kula da zaurukan dangi da na unguwa, duk saƙon da ya ƙare da “tura wa mutum goma” ku goge shi, ko da Hajiya ce ta turo, sannan ku kira ta ku yi mata bayani cikin ladabi. A sani kuma, dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, tana iya hawa kan wanda ya yaɗa ƙaryar da ta tayar da hankali. Limamai da masu unguwanni, muna roƙo a sanar da wannan gargaɗi bayan sallar Juma'a.

Wanda kuma aka kira shi da muryar ɗansa ko ƙaninsa ana kuka ana neman kuɗi cikin gaggawa, ya kashe wayar ya kira lambar da ya sani. Kada ya karanta wa kowa lambar BVN ko lambobin sirrin da banki ke turowa. In har kuɗin sun riga sun fita, a garzaya banki a ranar, a kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kano, tare da saƙon da lambar da ta turo shi.