Baƙo mai koyon aiki a karkarar Magarya da Dungas

Shekaru da dama ke nan ƙauyukanmu na Magarya da Dungas suna karɓar baƙi daga ƙasashen waje. Wasunsu samari ne da ƴan mata da suka gama karatu, suka biyo ƙungiyoyin agaji domin su koyi aikin lafiya ko na gona. Muna ganinsu a asibiti, a bakin rijiya da cikin gonaki. Amma ba kullum muke tunanin irin wuyar da suke sha kafin su saba da zamanmu ba. Sanin wannan yana da amfani gare mu, domin baƙon da bai saba ba, aikinsa ba ya yin kyau, kuma mu ne muke yin asara.

Su wane ne waɗannan baƙi?

Tun shekarar 1962 ƴan sa-kai na ƙasar Amurka, waɗanda ake kira Peace Corps, suka fara zuwa Nijar. Kafin a tura su ƙauye, sukan yi makonni a Hamdallaye, kusa da Yamai, suna koyon Hausa ko Zabarmanci. Daga nan kowa ya tafi ƙauyensa ya zauna shekara 2. Jihar Damagaram ta karɓi da yawa daga cikinsu. A watan Janairu na 2011, bayan an sace wasu Faransawa biyu a Yamai aka kashe su, an kwashe waɗannan ƴan sa-kai daga ƙasar baki ɗaya.

Ƙungiyar likitocin nan ta MSF kuwa ta fara aiki a Magarya a 2005, shekarar da yunwa ta gallabi ƙasarmu. Ta taimaka wa sashen yara na asibitin Magarya, aikinta kuma ya kai har Dungas, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Mafi yawan ma'aikatan irin waɗannan ƙungiyoyi ƴan ƙasa ne. Baƙin cikinsu kuwa ba duka ne Anasaru ba, akwai ƴan ƙasashen Afirka da dama. Kowannensu ya baro gida da dangi, sai ya koyi zama daga farko.

Zafi, ruwa da sauro

Abu na farko da ke tarbar baƙo shi ne rana. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Mutumin da ya taso a ƙasar sanyi yakan galabaita da sauri. Dole ya koyi abin da manomi ya sani tun yana yaro: a fita aiki da sassafe, a nemi inuwa da tsakar rana, a sha ruwa da yawa, a kwana a tsakar gida idan ɗaki ya yi zafi.

Na biyu shi ne ruwan sha. Cikin baƙo bai saba da ruwan rijiya ba, shi ya sa zawo yakan kama shi a makonnin farko. Idan muka ga yana tafasa ruwa ko yana jefa masa ƙwayar tsabtacewa, kada mu ɗauka ƙyamarmu yake yi. Ƙwayoyin cutar da ke kayar da shi su ne suke kayar da jariranmu. Mu tuna da kurkunu, wanda ya taɓa hana manoma da yawa shiga gona da damina. Tace ruwa da ƙyalle da gina rijiyoyi masu kyau su ne suka kore shi, har hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da wannan cuta.

Na uku shi ne sauro. Baƙon da ya zo daga ƙasar da babu zazzaɓin cizon sauro, jikinsa ba shi da kariya ko kaɗan. Saboda haka yake shan maganin rigakafi, kuma ba ya kwana sai cikin gidan sauro. Ɗan ƙaramin yaro da mace mai ciki su ma haka suke, jikinsu ba shi da ƙarfin jure wannan zazzaɓi. A daminar 2018, akwai lokacin da yara sama da 700 suke kwance a asibitin Magarya, mafi yawansu saboda zazzaɓi da tamowa. Tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafin zazzaɓi ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata a lokacin damina. Idan baƙo babba yana kiyaye kansa haka, ai yaranmu sun fi cancanta.

Tuwo, harshe da gaisuwa

Tuwon gero da miyar kuka, da fura da nono, da kwaɗon zogale, duk sababbi ne ga bakin baƙo. Zai koyi wanke hannu, ya ci da dama, ya ɗebi abin da ke gabansa cikin akushi. Da farko yakan ci loma biyu ya tsame hannu. Kada uwargida ta ji haushi. Bayan ƴan watanni shi da kansa zai riƙa tambayar fura.

Harshe ya fi abinci wuya. Mai koyon Hausa yakan rikita kashi da ƙashi, ko gora da gwaro, yara su fashe da dariya. Wanda ya jure dariyar shi ne yake iyawa, domin matambayi ba ya ɓata. Lissafin kuɗi ma wani aiki ne. Ya ga an rubuta 100 a jikin kuɗi, mai ƙosai ta ce masa dala ashirin. Ya je kasuwa kusa da iyaka, ya tarar ana ciniki da naira kamar a Maigatari.

Gaisuwa kuwa ita ce ƙofar kowane aiki a wurinmu. A ƙasarsu mutum yakan faɗi abin da ya kawo shi nan take. A nan sai an tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki. Sabon zuwa zai fara da gidan maigari, ya cire takalmi ya ce «Ranka ya daɗe». Zai gaida liman, ya kira dattijo Baba, ya kira dattijuwa Inna. Baƙuwa takan ɗaura zani da kallabi, sai ta sami shiga cikin gidaje wurin mata. Sau da yawa gari yakan raɗa wa baƙo sunan Hausa, kuma wannan alama ce ta an karɓe shi.

Lokacin ƙauye dabam yake

Baƙo yana zuwa da agogo da takardar tsarin aiki. Ya kira taro ƙarfe tara na safe cikin watan Yuli, sai ya tarar da dandali babu kowa. Jama'a ba su raina shi ba, suna gona ne wajen noman fari. Mata kuma suna daka da jan ruwa. Sai ya gane cewa alkawari a ƙauye da lokutan salla ake yin sa, bayan azahar ko bayan la'asar. Ranar kasuwa, da ranar suna, da ranar zaman makoki, ba a sa taro. Cikin watan azumi kuwa aiki da safe ne.

Akwai kuma kewar gida. A da, wasiƙa takan yi makonni kafin ta iso. Yanzu wayar hannu ta rage nisa, amma ba ta maye gurbin maƙwabci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Wanda ya zo koyo, ya saurara

Baƙon da ya fi amfani shi ne wanda ya yarda manomi ya san ƙasarsa. Wani masanin gona ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, ya zo Maraɗi a 1981 tare da ƙungiyar SIM. Ya dasa itatuwa masu yawa, mafi yawansu suka mutu. A 1983 ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, kuma idan aka rage tohonsu aka bar biyu ko uku masu ƙarfi, za su zama itace. Wannan shi ne sassaben zamani.

A Magarya, da Matamai, da Mirya, manoma sun raini gawo a gonakinsu da dabararsu. Sun san yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Yau masana daga nesa suke zuwa kallon waɗannan gonaki. Saboda haka idan ɗalibi ya shigo gonarmu da littafi a hannu, kada mu ji kunyar nuna masa abin da muka gada.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Mu nuna wa baƙo rijiyar da ruwanta ya fi kyau. Mu yi masa magana a hankali, mu gyara masa Hausa ba tare da wulakanci ba. Mu faɗa masa abin da gari ba ya so tun kafin ya yi kuskure. Idan jikinsa ya yi zafi, mu hanzarta kai shi asibiti, kamar yadda ya kamata mu yi wa ƴaƴanmu a ranar farko ta zazzaɓi. Kada mu mayar da shi wurin roƙo, domin mai koyon aiki ba shi ne mai riƙe da kuɗin ƙungiya ba. Idan kuma ya kawo shawarar da ba ta dace da ƙasarmu ba, mu gaya masa gaskiya a gaban taro, kada mu amsa da «to» sannan mu watsar.

Mu ma ƴaƴanmu suna fita neman ilimi da ci-rani a Kano, da Agadas, da ƙasashe masu nisa. Yadda muke fatan a riƙe su can, haka ya kamata mu riƙe na wasu a nan. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.