Tiyon numfashin inji: 'yar robar da ke kashe motoci a Yerwa

Duk wanda ya saba zuwa Tashar Bama ko Muna Gareji da sassafe, lokacin da direbobi ke ɗaga bonet suna duba ruwa da mai kafin a fara lodi, zai iya ganin abin nan da idonsa. A saman injin, jikin murfin da ake zuba baƙin mai ta bakinsa, akwai wani ɗan tiyo na roba wanda kaurinsa bai wuce babban yatsa ba. A wata motar za ka tarar ya tsage an naɗe shi da robar taya. A wata an cire shi ɗungurungum an cusa tsohon fulogi a gurbinsa an toshe. A wata kuwa an ƙara masa tsawo an sako shi ƙasa yana ɗigar da mai a kan yashi, ko an zura bakinsa cikin gorar ruwa an ɗaure da waya. Ka tambayi mai motar, zai ce maka ai ba wani abu ba ne, tunda mota na tashi kuma tana ja. Wata shida ko shekara guda bayan nan sai ka ji inji ya buga a tsakanin Benisheikh da Damaturu, ana ta cigiyar injin Beljiyom, kuma ba wanda zai tuna da wannan 'yar robar.

Ta wannan tiyo inji ke numfashi. Ƙonuwar fetur a saman fistin ita ke danna shi ƙasa ya juya ƙaranshaf, ringin da ke kewaye da fistin kuma aikinsu su hana wuta da hayaƙi sauka. Sai dai ko a sabon inji fil ba sa riƙe shi duka. Wani kaso yakan sulale ta gefe ya faɗa can ƙasa, inda baƙin mai ke kwance a kaskonsa. Abin da ke sulalewar ba hayaƙi ba ne zalla. Akwai fetur ɗin da bai ƙone ba, akwai kunkunniya, akwai sinadarai masu tsami da ke cin ƙarfe, sannan akwai tururin ruwa. Mutane da yawa ba su san cewa duk lita ɗaya ta fetur da ta ƙone tana haifar da kusan lita ɗaya ta ruwa ba. Mafi yawansa ta salansa yake fita, shi ne ɗigon da ake gani a bakinta da safe, amma ragowar cikin injin take zarcewa. In wannan tarkace bai sami hanyar fita ba, abu biyu ne za su faru. Iskar za ta matsu ta nemi ƙofa da ƙarfin tsiya, ta ture gaskit, ta fasa sil, har ta ɗago ƙarfen awon mai daga raminsa. Ruwan da kunkunniyar kuma su cakuɗe da man, zafi ya dafa su, su zama wani baƙin abu mai kauri da danƙo. Wanda ya taɓa duba gefen kaskon mai ƙosai, inda tsohon mai ya sha wuta har ya zama baƙar dauɗar da sai an kankare da wuƙa, ya ga irinsa. Wannan daskararren mai shi ke toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta, ya cushe siraran hanyoyin da ke kai mai saman inji. Geji zai nuna mai cike, alhali ƙarfe na gugar ƙarfe a bushe.

A da, masu ƙera motoci wani bututu suke sakowa daga jikin inji zuwa ƙasan mota, iskar gudu ta riƙa janye hayaƙin. A yaƙin duniya na biyu aka ga wannan ba zai yi wa tankokin yaƙi masu ratsa ruwa ba, domin ruwa zai bi bututun ya shiga, sai aka ƙirƙiro hanyar mayar da hayaƙin cikin inji ya ƙone tare da fetur. Abin da ya kawo dabarar cikin motocin gida shi ne hazon hayaƙi da ya addabi birnin Los Anjeles na Amurka. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai mai suna Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hayaƙin motoci ne hasken rana ke mayarwa wannan hazo mai sa ido ruwa. Daga 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kaliforniya suka fara zuwa da wannan tsari, cikin 'yan shekaru kuma ya game ko'ina. Don kare iska aka yi shi, amma inji ya fi kowa cin moriyarsa, saboda tsohon bututun ba ya aiki sai mota na gudu, shi kuwa sabon yana share cikin inji ko tana tsaye a silo.

Tsarin nan hanya biyu gare shi, kuma rashin sanin haka ne ke jawo ɓarna mafi muni a garin nan. Tiyo na farko yana fitar da hayaƙin, ya bi ta wani ɗan bawul da ake kira PCV, ya shiga maƙogwaron inji inda ake zuƙar iska. Na biyun shi ke shigo da iska mai tsabta daga bayan matatar iska domin ta maye gurbin wadda aka zuƙe. To, idan aka yanke na biyun aka bar bakinsa a buɗe, alhali na farkon na nan yana zuƙa, an buɗe wa ƙura ƙofa ke nan kai tsaye zuwa cikin baƙin mai, ba tare da ta bi ta kowace matata ba. Ƙurar Yerwa kuwa ba irin ta ko'ina ba ce. Arewa maso gabas da Tafkin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon tafki wanda masana ke lissafawa a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, kuma iskar hunturu daga can take kwaso ta, Borno na cikin wuraren da take fara saukewa. Garin yashin nan mai laushi, in ya haɗu da mai, yakan zama abin goge ƙarfe. Shi zai cinye ringi, ringin da suka ci su ƙara sakin hayaƙi, hayaƙin ya ƙara dauɗar da ke toshe tiyo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ban ga laifin bakanike shi kaɗai ba a nan. Direba ne ke tsaye a kansa, layinsa ya zo a tasha, fulogi na jiƙewa da mai, akwatin matatar iska ya yi kaca-kaca. Sai ka ji ya ce, "Oga, ka yi mini dabara in fita yau, in na dawo a duba." Shi kuma ya san in ya sako tiyon ƙasa motar za ta daina fitar da farin hayaƙi na ɗan lokaci, sai ya yi. Abin da nake ƙi shi ne yanke hukunci ba tare da bincike ba. Da yawa daga injinan da ake cewa "ya fara hura mai, ringi sun tafi", bawul ɗin ne kawai ya daskare ko tiyon ya cushe, abin da wankewa ko canji zai magance da kuɗin da bai kai na juyen mai ɗaya ba. In kuwa da gaske ringin ne, yanke tiyo bai gyara komai ba, ya dai ɓoye ciwon har ya kai ga ƙaranshaf.

Akwai kuma injinan da tun daga ƙasarsu an san su da wannan lalura. Toyota Camry, Sienna, Avalon da Lexus na tsakanin 1997 da 2002, masu injin 1MZ mai silinda shida ko 5S mai huɗu, sun jawo ƙorafi mai yawa a Amurka kan daskarewar mai. Kamfanin ya tsaya a kan cewa rashin yin juye a kan kari ne sanadi, amma a 2002 ya amince ya ɗauki nauyin gyara na tsawon shekara takwas, a 2007 kuma aka sasanta wata ƙarar haɗin gwiwa da ta shafi motoci sama da miliyan 3. Volkswagen Passat mai injin 1.8 mai tabo shi ma ya yi irin wannan suna. Irin motocin nan ne suka iso mana ta Kwatano da Legas bayan sun gama aiki a can, da yawansu kuma su ke jigilar fasinja zuwa Kano da Abuja a yau. Injina ne masu ƙarko, amma ba sa yafe sakaci da mai.

Yanayin garin ma bai taimaka ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, a ƙarƙashin bonet kuwa ya ninka haka, roba ta bushe ta yi tauri ta tsattsage. Ƙa'idar da masana mai ke aiki da ita ita ce, in zafin mai ya wuce kima, duk ƙarin digiri 10 kan ninka saurin lalacewarsa. Ga kuma tsayuwa. Motar da ta yi awa guda a layin shingen bincike na Njimtilo, ko take jiran rakiyar sojoji a hanyar Dikwa da Gamborun Ngala inji na kunne, mita ba ta ƙirga mata komai ba, amma man ya yi aiki, kuma a silo ne kunkunniya da ɗanyen fetur suka fi taruwa. Littattafan masu ƙera motoci suna da jadawali na daban domin irin wannan wahalar, ta ƙura da zafi da yawan tsayuwa, wanda yakan rage tazarar juye zuwa wajen rabi. Ga tsofaffin motocinmu, kilomita 5,000 iyaka ce mai kyau. Keke Napep, wanda ya cika gari tun da aka hana hawa babur a Yulin 2011, man cikinsa bai kai lita biyu ba, yana yini yana tashi da tsayawa tsakanin Fost Ofis da Kwastam, don haka nasa ya fi saurin gajiya.

Sai al'adar cire tamostat, wadda na fi jin takaicinta saboda da kyakkyawar niyya ake yin ta. Ana cire shi a haɗa fanka kai tsaye wai don ƙasarmu da zafi. Amma mai na buƙatar ya kai wajen digiri 90 zuwa 100 kafin ruwa da fetur ɗin da suka shige shi su tashi su bi tiyo su fita. A safiyar Disamba ko Janairu, ma'aikacin da ya tashi daga Bulumkutu zuwa sakatariya da motar da ba ta da tamostat zai isa ofis injin bai yi ɗumi ba. Ruwan jiya na ciki, na yau ya ƙaru a kai. Shi ne wannan farin kumfa mai kauri da ake gani a bayan murfin mai, kuma shi ke fara toshe bawul ɗin.

Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 aljihun kowa ya matsu, abu na farko da mai mota ke tsukewa kuwa shi ne juye. Wasu sun koma sayen man awo a kwalba a bakin titi, wanda sau da yawa ɗanyen mai ne da ba a zuba masa sinadaran da ke riƙe dauɗa su hana ta kwanciya ba. Waɗannan sinadaran su ne rabin amfanin man inji. Araha ba ta ado.

Ambaliyar ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Gwange, Gamboru, Kwastam da Kasuwar Monday, ta bar wani ciwon a ɓoye. Motoci da kekuna masu yawa sun kwana cikin ruwa. An zubar da mai an zuba sabo, an busar da waya, mota ta tashi, aka ce alhamdu lillahi. Amma lakar da ta kwanta a cikin tiyo da akwatin iska ba kowa ya bi ta kanta ba. Wanda ya sayi mota a garin nan bayan ambaliyar, ko tasa ta nutse, ya kamata ya sa a zare tiyon nan biyu a leƙa cikinsu.

Dubawar ba ta buƙatar na'ura. A zare bawul ɗin a girgiza shi kusa da kunne. Lafiyayye yakan yi 'yar ƙara ƙas-ƙas, in ya yi shiru ya daskare. A matsa tiyon da yatsa, in ya yi tauri kamar zai karye, ko ya yi laɓo-laɓo yana mannewa, ya gama aiki, kuma a musanya shi da irin robar da ke jure mai, ba tiyon ruwa ba. A bar inji a silo, a cire murfin mai, a ɗora takarda a bakin: a yawancin motocin fetur za ka ga ana ɗan zuƙar ta. In kuwa iska na ture ta da hayaƙi, akwai magana. Silo mai rawa, ko wani siririn fito daga saman inji, alamar tiyon ya tsage ne yana shan iska ta gefe.

Idan aka buɗe aka tarar dauɗar ta riga ta taru, kada a yarda a zuba kananzir ko gas a kunna inji wai a wanke. Abin da ya daɗe a manne zai ɓamɓaro gunduwa-gunduwa ya tafi ya toshe rariyar famfo, injin da ke lallaɓawa ya buga a ranar. A kwance kaskon mai da murfin sama a wanke da hannu, a goge rariyar, a sa sabon tiyo da bawul, sannan a yi juye biyu ko uku kusa da kusa da mai na gaskiya da sabuwar filta.

Kirana ga shugabannin kanikawa na ƙungiyar NATA da na direbobi a tashoshin Yerwa shi ne su sa wannan cikin abin da ake koya wa yaran gareji tun suna wankin fulogi, a kuma daina sakin tiyo ƙasa da sunan gyara. Kai kuma mai mota ko mai keke, ranar da ka je juye na gaba, kada ka zauna a benci kana jira. Tashi ka tsaya a kan injin, ka ce a nuna maka tiyon numfashi guda biyu da bawul ɗinsu, ka ga inda kowanne ya fito da inda ya shiga, kafin a rufe bonet.