Tsadar fetur: Yadda za a zaɓi ƙaramar motar da za ta yi cikin gari, ta kuma yi babbar hanya

Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, mai neman mota a Kano ko Kaduna ya fi damuwa da kyan jikinta da sanyin esi da yadda za a kalle shi idan ya faka a wurin ɗaurin aure. Tun daga ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, tambayar farko da dillalai ke sha ita ce ta shan mai.

Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da dama. Faɗuwar darajar naira ta ƙara tsawwala kuɗin motocin da ake shigowa da su daga waje.

Wannan ya sa ido ya koma kan ƙananan motoci masu guntun baya, waɗanda Turawa ke kira hatchback. Su ne irin su Golf da Yaris da Jazz da Peugeot 206, waɗanda but ɗinsu ke haɗe da ɗakin fasinja, ƙofar baya kuma tana ɗagawa tare da gilashinta. A da ana yi musu kallon motar ɗalibai ko ta kai yara makaranta. Yanzu magidanta da manyan ma'aikata ne ke zawarcinsu.

Sai dai mafi yawan masu saye mota ɗaya suke da halin riƙewa. Ita za ta yi zirga-zirgar ofis da kasuwa daga Litinin zuwa Juma'a, ita kuma za ta ɗauki iyali zuwa garinsu ranar Sallah ko idan an yi rasuwa. A nan lissafi ke rikicewa, domin abin da cikin gari ke nema a wurin mota daban yake da abin da babbar hanya ke nema.

Girman inji

A cikin gari, mota ba ta cika wuce giya ta uku ba. Tafiya ce ta tsaya-tashi tsakanin A Daidaita Sahu da masu baro da fitilar ba da hannu. A irin wannan yanayi ƙaramin inji mai lita 1.0, kamar na wasu Yaris da Kia Picanto, shi ne sarki. Yana shan mai kaɗan, motar kuma na shiga lungu ta juya ba wahala.

Ranar da aka loda mata mutum biyar da jakunkuna da buhun tsaraba, aka kunna esi, aka hau hanyar Kano zuwa Zariya, labari ya sauya. Motar za ta tafi, amma idan direba ya fito zai wuce tirela, zai taka totur ya ji ba ta amsawa da wuri. A hanyar da ba a raba hannu biyu ba, waɗannan 'yan daƙiƙoƙi da ya ƙara yana gefen tirela su ne mafi haɗari a duk tafiyar. Kuma injin da ake matsa wa haka ba ya yin tattalin da aka saye shi dominsa.

Ga wanda ke haɗa gari da hanya, inji mai lita 1.3 zuwa 1.6 ne tsaka-tsaki. Wanda kusan kowane mako yana kan hanya da iyali zai fi samun natsuwa da 1.8.

Lissafin mai ba shi da wuya. A ɗauka, a matsayin misali, mota ɗaya na shan lita 7 a kilomita 100, wata kuma lita 10. Wanda ke yin kilomita 1,000 a wata zai ga bambancin lita 30. Ya buga wannan da farashin gidan man unguwarsu, sannan ya tambayi kansa ko rarar ta kai ya haƙura da ƙarfin inji.

Waɗanda aka fi gani a kasuwa

Toyota Yaris, wadda a da ake kira Vitz a Japan, ta yi suna wajen juriya da ƙarancin shan mai. Matsalarta but ɗin ƙarami ne, kuma farashinta ya tashi saboda yawan masu nema.

Honda Jazz, wadda sunanta Fit a Japan da Amurka, ta fi yawancin sa'o'inta fili a ciki, kujerun baya na naɗewa ta ɗauki kaya fiye da yadda ake zato. Amma da yawa daga masu otomatik ɗinta na da giya nau'in CVT, wadda ke da nata mai na musamman. Bakaniken da ya zuba mata man giya na gama-gari ya fara haƙa mata kabari.

Toyota Matrix da Pontiac Vibe tamkar Hassan da Husaini ne, yawancinsu kuma injin Corolla mai lita 1.8 ne a cikinsu. Sun fi sauran girma da zama daram a kan hanya, sun kuma fi su shan mai. An daina ƙera Pontiac tun 2010, don haka kayan inji na samuwa ta hannun Toyota, amma fitila ko bamba kan yi wahalar samu.

Golf 3 kuwa ba sai an gabatar da ita ba. Duk wanda ya taɓa shiga tashar mota a Arewa ya ga yadda direbobin haya ke loda mata mutane da kaya. Kusan kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma ko'ina akwai. Sai dai an daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, ke nan ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Golf 4 ta fi ta daɗi da kariya, amma ta fi ta ƙorafin wuta.

Peugeot 206 da 307 na da masoya, musamman a Kaduna inda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗa Peugeot, aka kuma samu kanikawan da suka ƙware a kanta. Masu giyar hannu sun fi kwanciyar hankali. Giyar otomatik ɗinsu ta yi ƙaurin suna wajen ba da matsala idan ta tsufa.

A fara daga kasuwar kayan gyara

Kafin mai saye ya je wurin dillali, zai fi masa alheri ya fara leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Ya tambayi kuɗin shokzoba da lagireto da famfon mai da fitilar gaba na motar da yake so. Idan mai shago ya ce sai an aika Legas, to amsa ta fito.

Wannan ya fi muhimmanci ga matafiyi. Motar da ta tsaya a cikin gari za a iya kulle ta a hau A Daidaita Sahu. Wadda ta tsaya a daji tsakanin garuruwa bayan la'asar, da mata da yara a ciki, maganarta ta wuce ta kuɗi, ganin halin tsaro da wasu hanyoyin Arewa ke ciki. A can, mota mafi daraja ita ce wadda bakaniken ƙauye mafi kusa zai buɗe ya gane kanta.

A kuma duba tazarar cikin motar da ƙasa. Yawancin waɗannan motoci an ƙera su ne don titunan Turai da Japan. Da lodi, tudun rage gudu ko rami ɗaya na iya fasa tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji. Damina kuma na zuwa da tata jarrabawar a unguwannin da ruwa ke kwanciya.

Abin da fenti ke ɓoyewa

Suna ba ya tuƙa mota. Yaris da aka wahalar ta fi Golf da aka kula da ita sharri. Shi ya sa cinikin biri a sama, wato tura kuɗi saboda hoton da aka gani a Facebook ko WhatsApp, ke jefa mutane cikin nadama.

Mai saye ya je da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma a sa na'urar binciken kwamfuta. A tayar da injin da safe yana sanyi, domin a lokacin ne hayaƙi da ƙara ke tona asiri. A ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru, saboda cikin motocin da ke zuwa daga Amurka akwai waɗanda ambaliya ta shanye ko aka yi haɗari da su aka gyara. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 kan nuna tarihin irin waɗannan a intanet.

A tabbatar ba sitiyarin dama aka mayar hagu ba. Motocin da aka ƙera don kasuwar Japan da Ingila sitiyarinsu a dama yake, dokar Najeriya kuma ba ta yarda da su ba, aikin juyawar da ake yi a gareji na iya taɓa burki da sitiyari da wayoyin wuta.

A leƙa salansa a ga ko abin tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi yana nan, domin ana cire shi a sayar. Haka kuma a duba ko an cire abin daidaita zafin inji an haɗa fanka kai tsaye. Wannan dabara ta zama ruwan dare, kuma tana sa inji ƙara shan mai, abin da aka gudu tun farko.

Sai gwaji. Zagaye ɗaya a layin dillali bai isa ba. A fita da motar inda za a iya kai ta kilomita 80 zuwa 100, da mutane a ciki da esi a kunne. A nan ake jin rawar sitiyari da jan gefe idan an taka burki da kuma hawan allurar zafi.

Kariya da takardu

Ƙaramar mota ba ta da jikin da za ta yi karo da tirela ko bas, don haka abin da ke cikinta na kariya ba ado ba ne. Idan an murɗa makulli, fitilar jakar iska da ta burkin ABS su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala. Bel na kujerun baya ma a ja shi a gani.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Misali, 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara huɗu, zafin kwalta a watan Afrilu kuma ba ya raga wa tsohuwar taya. Iyakar gudun da hukumar ta gindaya wa motocin gida shi ne kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi.

Takardun kwastan su ma sai an tantance. A Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar da motocin Kwatano suka saba bi. Motar da arharta ta yi yawa, a tuna banza ba ta kai zomo kasuwa, domin ana iya ƙwace ta a shingen farko. Inshorar dole ta motar gida kuma ta koma naira 15,000 tun farkon 2023.

Mai niyyar mayar da motarsa ta gas ɗin CNG ya auna but tun kafin ya biya, saboda tukunyar na iya cinye kusan duk wurin kaya a irin waɗannan motoci.

Kada kuma a zuba duk abin da aka tara a kuɗin saye. Tsohuwar mota, ko daga jirgi aka sauke ta, za ta nemi baƙin mai da man giya da burki, wataƙila da taya huɗu, a watan farko.

Wanda zai ɗauki takarda ya rubuta tafiye-tafiyensa na wata uku da suka wuce, da yawan mutanen da ya ɗauka a kowace, zai ga motar da ta dace da shi tun kafin dillali ya buɗe baki.