Kada Ka Rubuta "Kyauta" a Kan Kayan da Ka Sayar

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, hajar birnin nan take tsallake iyakoki. Abin da ya sauya shi ne hanya. A da sai fatake sun ɗaura wa raƙumi, yau kuwa baduku ko mai ɗinkin hannu a Soron Ɗinki ko marini a Ƙofar Mata zai ɗauki hoton aikinsa da waya ya ɗora a Instagram ko WhatsApp, kafin la'asar wani a Landan ko Jidda ya taya. Ciniki ya faɗa, kuɗi sun shigo, sai a nufi gidan waya ko ofishin DHL da kwali a hamata. A nan ne ake miƙo wa mutum wata 'yar takarda a ce ya cike, kuma a nan ne da yawa suke zubar da wahalar wata uku cikin minti biyu: a gurbin bayanin kaya su rubuta "tufafi", a gurbin dalilin aikawa su zaɓi "kyauta", a gurbin daraja su sa dala 20. Suna ganin dabara ce. A ganina ba dabara ba ce, domin wannan takarda ita kaɗai ce za ta yi magana a madadin mai kaya a wuraren da ƙafarsa ba za ta taɓa takawa ba, kuma duk ƙaryar da aka rubuta a cikinta mai kayan take fara cuta kafin ta cuci kowace gwamnati.

Takardar ba ƙirƙirar ma'aikatan kanta ba ce. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wadda aka kafa a birnin Bern a 1874, ita ta tsara fom iri biyu: CN22 na ƙananan kaya masu sauƙin kuɗi, da CN23 na masu tsada. Kamfanonin aika saƙo kuma suna neman takardar ciniki mai ɗauke da sunan mai sayarwa, sunan mai saye, bayanin kaya, adadi, farashi da ƙasar da aka ƙera shi. Akwai kuma lambar rukunin kaya ta tsarin HS, mai alƙaluma shida, wadda hukumomin kwastan na duniya suke aiki da ita tun 1988, kuma da ita ake gane harajin da ya hau kan jakar fata da wanda ya hau kan rigar auduga. Jami'in da ke zaune a Faransa bai san aska takwas ba, bai san malum-malum ba. Idan ya ga an rubuta rigar maza ta auduga mai ɗinkin hannu, guda ɗaya, ƙirar Nijeriya, ya samu abin da zai yi aiki da shi. Idan kuwa "tufafi" kawai ya gani, sai ya farke kwalin ya yi nasa ƙiyasin.

Mu ɗauki misali, babbar riga da aka sayar dala 600, nauyinta kilo 2. Kaya sukan ɓace, ruwa yakan taɓa su, kwali yakan fashe. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta shafi jigilar kaya ta jirgin sama, ta ɗora iyakar diyya a kan nauyi ne, ba a kan tsadar kaya ba, kuma iyakar tana kusan dala 35 a kowane kilo. Ke nan rigar da ta cinye wa maɗinki watanni ba za ta kawo diyyar da ta wuce wajen dala 70 ba, sai fa idan an bayyana darajarta ta gaskiya an biya inshora a kanta. To wanda ya rubuta dala 20 da hannunsa, ya sa hannu a ƙasa, da wane baki zai je ya ce rigarsa ta ɗari shida ce? Kamfanin zai buɗe masa takardarsa ne kawai. Shi kuwa mai saye, tunda kaya bai iso ba, zai nemi kuɗinsa, kuma idan ta kati ko wata manhajar biyan kuɗi ya biya, yana da hanyar da zai janye su. A ƙarshe ba riga, ba kuɗi.

Wani zai ce ai ba son ransa ba ne, mai sayen ne ya roƙa a rage darajar don kada a caje shi haraji, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙin abin da zai faranta wa abokin cinikinsa. Hujjar tana da ƙarfi a da, lokacin da ƙananan kaya suke wucewa ba a kula su. Yanzu ƙofar ta ƙuntata. Tarayyar Turai ta soke sassaucin harajin saye ga kayan da ba su kai yuro 22 ba tun ranar 1 ga Yulin 2021. Amurka, wadda ta daɗe tana barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga ba haraji, ta dakatar da wannan sassauci ga dukkan ƙasashe daga 29 ga Agustan 2025. Kalmar "kyauta" ma ba laya ba ce: a Ingila kyautar da ta wuce fam 39 tana biyan haraji, a Tarayyar Turai kuma iyakar yuro 45 ce, kuma sai tsakanin mutum da mutum, ba ciniki ba. Idan jami'i ya yi shakka, hujjar biyan kuɗi yake nema daga mai karɓa, a nan kuma ramin ƙarya yake ƙurewa, domin takardar banki za ta ce ɗari shida, fom ya ce ashirin. Sai a riƙe kaya, kuɗin ajiya ya yi ta hawa, wani lokaci a ci tara ko a ƙwace. Mai sayen da ya roƙi alfarmar bai sa hannu a komai ba. Harajin da ake gudu nasa ne, haɗarin da aka ɗauka kuwa na mai aikawa ne, kuma ban san wani ciniki da ya fi wannan rashin adalci ga mai sana'a ba.

Kafin ma a kai ga kwastan na can, akwai na gida, kuma nan ne ya fi shafar Kurmi. Jerin kayan da Nijeriya ta hana fitarwa ya haɗa da ɗanyar fata da kirgi da duk fatar da ba a gama sarrafa ta ba, da kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa da duk abin da aka yi da sassan jikinsu. Jakar da aka ɗinka da jemammiyar fatar jar akuya halas ce, amma jaka ko takalmin fatar kada, mesa ko guza sun faɗa ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, ba sa tsallake iyaka sai da izini na musamman, kuma ko sun kuɓuce a nan ana ƙwace su a can. Hauren giwa kuwa an rufe cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1989. Batun kayan tarihi ya fi ruɗarwa, saboda tsohon abu shi ne abin da baƙi suka fi taya da tsada. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, haka nan wanda ke da muhimmanci kuma aka taɓa amfani da shi a bikin gargajiya. Tsohon takobi, sirdi, tasa ko littafin rubutun hannu da aka gada kaka da kakanni suna iya shiga ciki. Sabon aikin da aka tsufar da shi da hayaƙi don ya burge mai saye shi ma yana iya jawo tsaiko, domin jami'i ba zai gane ba. Maganin bai yi nisa ba: Gidan Makama, daura da fadar Sarki, ƙarƙashin wannan hukuma yake, a can ya kamata a fara tambaya kafin a naɗe kaya.

Hujja ta biyu da masu kauce wa fom suke kawowa ita ce ta amana. Me ya kai mutum ga fom da layi, alhali ga ɗan unguwa zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano jibi, sai a ba shi saƙo? Amana dukiya ce, birnin nan da ita ya ginu. Amma matafiyin da ya ɗauki hajar sayarwa bai bayyana ta ba, shi ne zai amsa tambaya a can, kuma idan akwatinsa ya ɓace babu rasit, babu lambar bin diddigi, sai dai zumunci ya ɓaci. Haka yake ga mai kayan da wani ya roƙa a cusa masa ɗan ƙunshi cikin kwalinsa: hukumar NDLEA ta sha kama miyagun ƙwayoyi a cikin saƙonni a kamfanonin aika kaya, kuma sunan da ke kan takarda shi ake nema. Ba mu da dalilin ɗaukar rubutu a matsayin rashin yarda. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, tsakanin Musulmi 'yan'uwan juna.

Hujja ta uku ba zan musa ta gaba ɗaya ba. Tsarin fitar da kaya a Nijeriya an ɗinka shi ne daidai da mai kwantenar riɗi, ba mai jaka biyar ba. Wanda ya mayar da abin sana'a ana so ya yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki, NEPC, ya buɗe fom ɗin NXP ta bankinsa, kuɗin kayan kuma su dawo gida cikin kwana 180 kamar yadda Babban Banki ya shardanta. Wannan nauyi ne a kan baduku guda. Sai dai nauyin hujja ce ta a haɗa kai, tunda ƙungiyar gama kai tana iya yin rajistar, masu sana'a goma su fitar da kaya da suna ɗaya. Bai zama hujjar rubuta ƙarya ba, domin faɗin gaskiyar daraja a kan fom ba ya buƙatar ko sisi.

Sauran abin da ya rage tsari ne. A daidaita da mai saye a rubuce, tun kafin a sallama, cewa harajin ƙasarsa shi zai biya, don kada kaya su isa ya ƙi karɓa a juyo da su da kuɗin mai aikawa. Kada a miƙa kwali saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai an duba asusu an ga kuɗin sun zauna. Wanda ya ce ya turo fiye da farashi a mayar masa da rara, ɗan damfara ne. A ɗauki bidiyon kaya lokacin naɗewa, a nemi aikawar da sai an sa hannu kafin a miƙa, a tabbatar farashin da ke kan fom shi ne na takardar ciniki kuma shi ne ya shiga banki. Kwafin takardun a ajiye shi har sai mai saye ya aiko da hotonsa sanye da rigar.