Katin Zaɓe a Gida, Ɗalibi a Makaranta

Kafin zaɓen 2023, Hukumar Zaɓe ta INEC ta ce masu rajista sun kai miliyan 93.4, kuma ɗalibai ne rukuni mafi girma a cikinsu: miliyan 26, kashi 27.8 cikin ɗari. A cikin sababbin masu rajista miliyan 9.5 kuwa, kusan huɗu cikin kowane goma ɗalibai ne.

Adadin yana buƙatar taka-tsantsan, domin a lokacin duk ɗaliban jami'o'in Najeriya ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba. Abin da mutum ya faɗa ranar rajista a matsayin sana'arsa ake rubutawa, ko ɗan sakandare ne ko ɗan kwaleji. Duk da haka tururuwar ɗalibai zuwa rajista gaskiya ce, kuma tana da dalilai. Zanga-zangar EndSARS ta 2020 ta zaburar da matasa, musamman a Kudu. A watan Yunin 2021 INEC ta buɗe shafin fara rajista ta intanet, abin da ya dace da mai waya a hannu. Wani babban dalili kuma shi ne yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, wanda ya rufe jami'o'in gwamnati daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Wata takwas ɗalibi yana zaman kashe wando, ga lokaci ga takaici, ofishin INEC na ƙaramar hukuma kuma yana kusa.

Yajin aikin da ya cika layin rajista shi ne kuma ya dagula lissafi. An rufe rajista ranar 31 ga Yuli, ɗalibai suna gida, don haka da yawa rumfar zaɓen unguwarsu suka zaɓa. Da aka fara raba katuna a watan Disamba, sun riga sun koma makaranta ana tseren cike gurbin zangon da ya salwanta. A doka mai kati ne kaɗai zai karɓi abinsa, ba a aike. Ɗan Jalingo da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato sai ya zaɓi ɗaya: ko darasi, ko doguwar tafiya da kuɗin motar da ba shi da su.

Hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta ba da umarnin rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris na 2023. Hutun ya taimaki mai kati a gida. Wanda ya yi rajista kusa da jami'arsa, a Samaru ko kusa da tsohuwar BUK, tun 2021 kuwa, an raba shi da rumfarsa kwana uku kafin zaɓe, ga ƙarancin takardun naira ya tsayar da tafiye-tafiye. A ranar 25 ga Fabrairu, kusan kashi 27 cikin ɗari ne kawai na masu rajista suka fito, mafi ƙaranci tun 1999.

Ɗora wa matasa laifin lalaci a nan rashin adalci ne. Tsarin ya ɗauka mai zaɓe mazaunin wuri ɗaya ne, alhali ɗalibi yana da mazauni biyu, kuma yajin aiki ne ke yanke inda zai kwana. Akwai damar sauya rumfa, amma ta rufu tare da rajista, wata bakwai kafin zaɓe, lokacin da babu ɗalibin da ya san ranar komawa aji. Kai katuna harabar jami'o'i da barin ƙofar sauya rumfa a buɗe zuwa iyakar da doka ta yarda abu ne da INEC za ta iya tsarawa da shugabannin jami'o'i kafin 2027.