Daga gadon asibiti zuwa shafin mujalla: Yadda binciken ciwon ciki da hanta ke fita daga Khartoum

Duk likitan da ya yi aiki a Khartoum kafin yaƙi ya san Cibiyar Mohamed Salih Idris da ke Asibitin Ibn Sina, inda ake garzayawa da masu aman jini. Da yawa daga cikin waɗanda ake kawowa manoma ne da masunta daga Jazira da Sennar da Farin Nilu, kuma a cikinsu akwai mutanenmu Hausawa.

Abin da ke kawo yawancinsu tsargiyar hanji ce. Mutum ya shiga ruwan kwalbatin noman rani, tsutsar da ta fito daga jikin dodon-koɗi ta ratsa fatarsa. Ƙwayayenta su maƙale a jijiyoyin hanta, shekara da shekaru suna yin tabo, har jini ya kasa wucewa yadda ya kamata. Saifa ta kumbura, jijiyoyin ƙasan maƙoshi su cika su yi tsuru-tsuru, wata rana su fashe. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, cutar ta samu wurin zama.

A wannan fanni na yi horo, kuma shekarun nan ina taya ƙananan likitoci duba takardun bincikensu kafin su tura wa mujallu. Abin da ke damuna shi ne, mun ga cutar da idonmu fiye da kowa, amma kaɗan ne daga abin da muka gani ya kai ga bugawa. Hukumar Ƙwarewar Likitoci ta Sudan tana wajabta wa mai neman zama ƙwararre ya rubuta kundin bincike. Ana karɓar shahada, sai kundin ya koma kan kanta. Abin da ba a buga ba kuwa, mai tsara kasafin lafiya ba ya ganinsa, mai kawo tallafin magani ma ba ya ganinsa.

Ba yau aka fara ba

Kada wani ya ɗauka bincike daga nan ba ya kai labari. A 1988, Farfesa Mamoun Homeida da abokan aikinsa suka buga bincike a American Journal of Tropical Medicine and Hygiene, wanda ya nuna cewa da na'urar hoton ciki ana iya gane tabon da tsargiya ke yi wa hanta. Wannan ya taimaka ƙwarai wajen duba mutane a ƙauyukansu ba sai an yanko tsokar hanta ba. A 2008 kuma Farfesa Hatim Mudawi ya tattara abin da aka sani game da yaɗuwar ƙwayoyin ciwon hanta a Sudan, kuma har yau masu rubutu a kan wannan batu suna kafa hujja da aikin.

Mujallu ma muna da su a gida. Akwai Sudan Medical Journal da ta fara fitowa tun 1953, akwai Sudan Journal of Medical Sciences ta Jami'ar Musulunci ta Omdurman. A waje kuma, ga mai rubutu a kan ciki da hanta, akwai irin su Arab Journal of Gastroenterology da BMC Gastroenterology.

Izini kafin komai

Takarda tana mutuwa ko ta rayu tun kafin a rubuta layi ɗaya. Mujallar kirki ba ta karɓar bincike a kan ɗan Adam sai da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, bisa ƙa'idar Sanarwar Helsinki ta 1964, kuma za su nemi sunan kwamitin da lambar takardar. Izinin nan kafin a fara tattara bayanai ake nemansa. Idan gwajin magani ne, sai an yi masa rajista kafin a ɗauki majinyaci na farko, kuma Afirka na da rajistarta, wato PACTR.

Sai yardar majinyaci, kuma a nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Dattijo daga Mai Wurno yana iya ciniki da Larabci a kasuwa, amma Larabcin takardar asibiti wani abu ne daban. In ka miƙa masa fom ya dangwala yatsa alhali bai gane ba, ka samu dangwale ne kawai, ba ka samu yarda ba. Ni dai nakan ce wa ɗalibi ya zauna ya yi bayani da Hausa: "Baba, ko ka yarda ko ba ka yarda ba, maganinka ba zai canja ba." Sannan a rubuta a cikin takardar cewa da harshen majinyaci aka nemi izini. Editoci suna ganin darajar wannan.

Akwai kuma batun ƙabila. Sau da yawa nakan ga jadawali an jera majinyata ƙabila-ƙabila, ba tare da wani dalili ba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya ce duk mai amfani da irin wannan rabo ya bayyana dalilinsa da yadda ya tantance. Tsargiya ruwa take bi. In ta yi yawa a cikin mazauna kanabi, to a rubuta sana'arsu, da ruwan da suke shiga, da nisan asibiti daga inda suke. A ƙasar da aka zubar da jini da sunan ƙabila, kamar yadda muka gani a Shuɗin Nilu a 2022, jadawali ɗaya na iya zama makami a hannun wani.

Yadda ake gina takardar

Kundin shahada mai shafi ɗari ba a tura shi haka nan. Sai an tace shi ya koma kalmomi kamar 3,000, ya danganta da mujallar. Ginin kuwa ɗaya ne kusan ko'ina: gabatarwa, hanyar bincike, sakamako, tattaunawa. A sama akwai taƙaitawa, galibi kalmomi 250 ko kusa da haka, kuma ita edita ke fara karantawa, wani lokaci ma a kanta yake yanke hukunci.

Inda namu suka fi tuntuɓe shi ne hanyar bincike. Ba ya isa a ce "an yi wa majinyata munzar." Wane ne ya leƙa cikin? Da wane ma'auni aka auna girman jijiyoyin? Ta yaya aka bambance tabon tsargiya da lalacewar hanta ta ƙwayar cutar B, alhali mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun? Mutum nawa aka ɗaure wa jijiya da roba, nawa suka sake zubar da jini, kuma cikin kwana nawa? Akwai jerin tambayoyi da aka tanada don kada a manta da komai: STROBE don binciken lura, CONSORT don gwajin magani, CARE don rahoton majinyaci ɗaya. Kyauta ake samunsu a intanet.

Game da sunaye, sharuɗɗan ICMJE huɗu ne: mutum ya ba da gudummawa ta gaske a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda ya ɗauki alhakinsa. Girmamawa ga babba ba ta cikin sharuɗɗan. Wanda ya taimaka da abin da bai kai haka ba, sashen godiya ne wurinsa.

Kuɗi da 'yan damfara

Manyan mujallun da ake karantawa kyauta sukan caji marubuci fiye da dala 2,000. Sai dai da yawansu suna yafe wa marubuta daga ƙasashen da Bankin Duniya ya sa a rukunin masu ƙaramin kuɗin shiga, kuma Sudan na ciki. Lokacin tura takarda ake neman yafiyar, kada a bari sai an karɓa.

A kula da masu aiko saƙon imel suna alƙawarin bugawa cikin mako guda. Mujallar da ba ta tura aikinka ga masana su tantance ba, kuɗinka kawai take so. Kafin ka tura, duba ko tana cikin PubMed ko DOAJ. Kuma haramun ne a wannan sana'a ka tura takarda ɗaya ga mujallu biyu lokaci guda.

In amsa ta dawo da gyare-gyare shafi uku, wannan alheri ne. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka nuna inda ka gyara, inda ba ka yarda ba ka kawo hujja cikin ladabi. In kuma an ƙi ta, ka yi amfani da abin da suka faɗa ka gyara, ka tura wata mujallar.

Abin da yaƙi ya ɗauke

Tun 15 ga Afrilun 2023 asibitocin Khartoum da dama suka rufe, likitoci suka watsu zuwa Port Sudan da Kassala da Alƙahira da ƙasashen Gulf. Asibitin Al Nao na Omdurman na cikin 'yan kaɗan da suka ci gaba da aiki. Fayilolin majinyata da yawa sun salwanta, wasu kuma suna nan a kwamfutar wani ɗalibi da ke gudun hijira.

Wanda yake riƙe da irin wannan bayani, amana ce a hannunsa. Ya cire sunaye da lambobin waya, ya ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, ya nemo takardar izininsa, ya rubuta. In yaƙi ya katse bibiyar majinyata, ya faɗi mutum nawa suka ɓace masa da kuma dalili. Kada a cike gurbi da ƙiyasi. Mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda noman rani da tsargiya suke tafiya tare, zai amfana da lissafi na gaskiya ko da na mutum hamsin ne.

Ga 'ya'yanmu da ke karatun likita a Omdurman da Khartoum, ku fara da abin da ke gabanku: majinyatan sashenku, tambaya ɗaya, mujalla ɗaya da kuka karanta ƙa'idojinta tun daga farko har ƙarshe. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.